Kafin Alƙalamin Roland Tasker

Roland Tasker ya shekara talatin da ɗaya yana bandar kifi a Grimsby, wani garin masunta a Ingila. Ko wanka uku ya yi, in ya shiga bas sai ka ga mutane suna waige-waige suna neman wanda ya taho da kifi a jaka. Matarsa Denise ta ce da tana wanke rigunansa daban, daga baya ta haƙura, don labulen gidan ma ya riga ya kama. Ni a wurin aiki na same shi. Ina tuƙa motar kai kaya, shi kuma yana kula da ɗakunan hayaƙi. Shekara shida muka yi tare. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji shi, sauran kuma a gabana aka yi.

Mahaifinsa masunci ne, irin masu yin mako uku a teku su dawo gida su yi kwana uku. Roland ma ya gwada yana ɗan shekara goma sha bakwai. Ya ce tun daga bakin tashar jiragen ruwa ya fara amai, bai daina ba sai da ya sake taka ƙasa, har shugaban jirgin ya ce masa in ya ƙara ganinsa kusa da ruwa zai kira 'yan sanda. Ya yi dako a kasuwar kifi, ya yi fenti, ya yi gadi. Yana gab da shekara talatin wani dattijo ya ɗauke shi ya koya masa banda, a nan ya zauna.

Aikin ba shi da wuya a ido. A tsoma kifi a ruwan gishiri, a jera shi a kan sandunan ƙarfe, a rataye cikin dogon bututu, a kunna garin katako a ƙasa ya yi ta ci a hankali. Wuyar tana wurin sanin yawan garin da za a zuba. Roland yakan fito ƙofa da yamma ya dubi sama, ya ji daga ina iska take, ya damƙi garin katakon ya ji laimarsa, sannan ya ce a zuba buhu kaza. Ban taɓa ganin an dawo mana da kaya ba.

Kowa Kaka yake ce masa. Tina Mawer, wadda ta fi kowa saurin fere kifi da saurin baki, ita ta fara laƙaba masa sunan tun kafin ya yi furfura, ta kuma saya masa kofin shayi da aka rubuta Kaka a jiki. Da shi yake shan shayi kullum.

Yana da buri guda ɗaya, kuma mu kaɗan ne muka san shi. A wani lungu bayan tasha akwai ƙaramin gidan banda mai bututu biyu, an rufe shi shekaru da yawa. Na wani tsoho ne, Mista Dannatt. Roland ya shekara goma sha huɗu yana tari, har ya haɗa fam dubu goma sha biyu. Mista Dannatt ya ce masa duk ranar da ya shirya ya kawo dubu goma sha ɗaya, hayar shekara da gyaran bututu, makulli nasa ne. Roland yakan bi ta lungun in an tashi aiki, ko da ba hanyarsa ba ce. Shirinsa ya ƙara shekara biyu a kamfani, ya samu ɗan jarin sayen kifi, sannan ya ajiye aiki.

Sai aka sayar da kamfanin. Sabbin masu shi suka turo manaja, Ferris, bai fi ni shekaru da yawa ba. Ba mugu ba ne, mutum ne mai son takarda. Ya kawo wata 'yar na'urar auna zafi da fom, ya ce duk awa ɗaya a soka na'urar a kifi a rubuta abin da ta nuna.

Roland ya juya ta a hannu ya ce, "Wannan ta san daga ina iska take?"

Ferris ya yi dariya ya ce, "Kaka, zamani ya wuce wurin nan. Masu sayen kayanmu takarda suke so su gani, ba hancinka ba."

Roland ya ci gaba da aikinsa yadda ya saba. In zai tashi sai ya zauna ya cike fom ɗin duka a zama ɗaya, daga ka. Wata bakwai ana haka. Ranar da masu bincike suka zo, suka ce a kawo na'urar. Aka same ta a aljihun tebur, cikin ledarta, ba a ko yage bakin ba. A makon aka kira shi ofis. Minti goma aka yi. Ba a ba shi damar zuwa da kowa ba, ba a ce ya ɗaukaka ƙara ba. Aka ce ya yi ƙarya a takardun kamfani, ya kwashe kayansa.

Kalmar ƙarya ce ta tsaya masa a wuya. Ya ce lambobin da ya rubuta daidai suke, shi dai bai tambayi na'ura ba ne. Ya yanke shawarar zuwa kotun ma'aikata. Ba shi da lauya, ba ya cikin ƙungiya, amma bai damu ba, don duk mun san abu ɗaya game da wannan kotu: ko ka ci ko ka faɗi, kowa shi ke biyan lauyansa. Mijin yayar Tina ya taɓa kai ƙara ya sha kaye, ko kwabo bai biya ba.

A shagon shayin da ke bakin tasha muka cike masa takardar. Ya rubuta cewa an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Tina ta leƙo ta ce, "Shi ke nan? Ka manta ya ce zamani ya wuce ka? A gaban mutane fa. Ka sa an kore ka saboda tsufa. Nan kuɗin yake."

"Ai ke ma Kaka kike ce min."

"Ni da shi ɗaya ne? Ni na san ka tun kana da haƙora. Sa kawai."

Ya sa.

Bayan wata huɗu aka yi zaman farko, ta waya. Roland yana tsaye a kicin, kunnensa na hagu kuma dama hayaniyar injin ƙanƙara ta daɗe da cinye shi. Ya ce alƙaliyar ta yi magana mai tsawo a kan batun tsufan, ta tambaye shi nawa yake samu yanzu, sannan ta ce in yana so wannan ɓangaren ya ci gaba sai ya ajiye fam ɗari uku, kafin alƙalami. Cikin duk abin da aka faɗa a wayar, wannan ce kalmar da ya sani tun yana yaro. Da ita ya kama ɗakin hutu a bakin tekun Mablethorpe duk bazara. Da ita ya kama motarsa, da ita ya kama zauren bikin 'yarsa. In ka ba da kafin alƙalami, abu ya zama naka, ba mai ƙwace maka.

Ranar da takardar ta iso ya biya. Washegari ya zo shagon shayi da rasit ɗin a aljihun gaba, ya shimfiɗa a tebur.

"An kama min wuri," in ji shi. "Alƙaliya da kanta ta ce in ajiye. Kwana uku aka ware mana."

Tina ta ce, "Ɗari uku kawai? Ai ko ɗakin hutun naka mai yoyo ya fi haka tsada."

"Ɗakina ba ya yoyo. Iska yake shigarwa."

Ta saya masa soyayyen dankali, muka yi ta tsokanarsa cewa in ya ci shari'a kada ya manta da talakawa. Takardar kotun ta zaga teburin. Ta zo hannuna. Na ga shafi huɗu ce. Na karanta sunansa da adadin kuɗin a shafin farko, na miƙa wa na kusa da ni. Da ya koma gida ya soke ta a bayan agogon falo, inda yake ajiye duk takardar da an riga an biya.

Lauyoyin kamfanin sun rubuto masa sau biyu. A wasiƙar farko sun ce za su ba shi fam dubu huɗu a rufe magana. A ta biyu sun ce in ya nace a kan batun tsufa ya kuma faɗi, za su nemi kotu ta ɗora masa kuɗin da suka kashe. Ya nuna min ita a bakin mota, yana murmushi.

"Ka ga tsoro ya kama su. Da ƙarar ba ta da ƙarfi, alƙaliya za ta karɓi kuɗina?"

Na ce gaskiya ne. Abin da ya fi kama da hankali ke nan a wurina a lokacin.

Denise ce kaɗai ta ce ya karɓi dubu huɗun. Ya ce mata shi ba kuɗi yake nema ba, so yake a rubuta cewa shi ba maƙaryaci ba ne. Ta ce, "To Rol, rubutun za mu ci?" Amma ba ta matsa ba.

An yi shari'ar a Lincoln. Na ɗauki hutu na raka shi da Denise. Alƙaliya ce a tsakiya da mutum biyu a gefenta. Shi kansa batun korar rabin yini ya ci. Sauran kwana biyu da rabin duk a kan tsufa aka yi su. Kamfanin ya kawo shaidu biyar, da jerin shekarun duk ma'aikata, da sunan wata mata 'yar shekara ashirin da shida da aka kora a wani reshe kan irin wannan laifi. Lauyarsu, wata siririya mai sanyin murya, ta miƙa wa Roland hoton kofinsa. Ta kuma miƙa masa katin Kirsimeti da ya taɓa aika wa Ferris, ta ce ya karanta sa hannun da ke ƙasa.

Roland ya ce, "Kaka."

"Wa ya rubuta?"

"Ni."

A rana ta uku aka yanke hukunci. Kotu ta ce an yi gaggawar korarsa, ba a bi ƙa'ida ba, don haka ya yi nasara a wannan. Amma ta ce shi ya jawo mafi yawan abin, aka rage diyyar ta koma fam dubu biyu da ɗari ɗaya. Batun tsufa kuwa aka yi watsi da shi. Roland bai ji daɗi ba, amma ya fara sa rigarsa yana cewa ai ko ba komai an ce ba su kyauta ba. Sai lauyar ta miƙe ta ce suna neman a biya su kuɗin shari'a, fam dubu goma sha bakwai. Aka sa rana bayan mako shida.

A yammacin nan ya zaro takardar daga bayan agogo ya karanta shafi na biyu zuwa na huɗu. Ya ce min ya karanta sau uku, yana fatan a karo na gaba za ta faɗi wani abu daban.

Zaman kuɗin bai kai awa biyu ba. Alƙaliyar ta fara da cewa a wannan kotu ba a saba ɗora wa wanda ya faɗi kuɗin abokin shari'arsa ba, don kada tsoro ya hana ma'aikaci neman haƙƙinsa. Sai in mutum ya yi abin da ya saɓa wa hankali wajen tafiyar da ƙararsa. Ta ce tambaya uku za su yi wa kansu: shin ya yi hakan, in ya yi ko ya dace a sa shi ya biya, in ya dace nawa.

Ta dube shi ta ce, "Mista Tasker, ka karanta dalilan da aka rubuto maka tare da umarnin ajiye kuɗi?"

"Ranar da ta zo na biya, Mai shari'a."

"Ba biya na tambaya ba."

Ya dubi hannuwansa. Sannan ya ce, "Ban karanta ba sai bayan hukunci."

"Me ka ɗauka kuɗin na mene ne?"

"Na kama wuri. Kamar yadda ake kama ɗakin hutu. Na ɗauka in an ce ka ajiye, an yarda da kai ke nan."

Ɗaya daga cikin mutanen da ke gefenta, wani mai farin gashi, ya sunkuyar da kai. Alƙaliyar ta ajiye alƙalaminta. Ta yi masa bayani a hankali, kamar tana tsoron kada kalmomin su buge shi. Ta ce wannan kuɗin gargaɗi ne. Kotu ce ke cewa ta duba wannan ɓangaren ta ga da ƙyar ya yi nasara, mutum ya tsaya ya yi tunani. In ya biya ya ci gaba, kuma ya faɗi kan dalilan da aka riga aka gaya masa, to doka za ta ɗauka ya saɓa wa hankali, sai in ya nuna akasin haka. Ta ce an faɗa masa a waya, an rubuta masa a shafi na uku, lauyoyi kuma sun sake rubuto masa.

Roland ya ce, "To me ya sa ba a kira shi gargaɗi ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Alƙaliyar ta ce tambayar tana da kyau, amma ba ita ta raɗa wa abin suna ba.

Daga nan ta zo kan ƙarfinsa. Ta ce doka ta ba su dama su duba abin da mutum zai iya biya, don haka ya gaya musu halin da yake ciki, kada ya rage komai. Ferris yana zaune a baya, kujera biyu daga inda nake. Na ga Roland ya waiga ya dube shi, sannan ya gyara tsayuwa.

"Mai shari'a, ban taɓa tsayawa gaban kowa na ce ba ni da shi ba. Ina da fam dubu goma sha biyu a banki."

"Akwai abin da ka tanade su dominsa?"

Denise ta taɓa masa gwiwar hannu. Bai dube ta ba.

"Ajiya ce kawai," in ji shi.

Daga baya na tambaye shi me ya hana shi faɗin gidan bandan. Ya ce ba zai tsaya gaban yaron nan ya ce shi, da aka kora kan ya ƙi taɓa na'ura, yana mafarkin buɗe nasa kamfanin ba. Ya ce yana jin dariyar tun kafin a yi ta. Ban sani ba ko da ya faɗa zai canza wani abu. Wani ma'aikacin ofishin ba da shawara da na tambaya ya ce wataƙila, wataƙila kuma a'a. Abin da na sani shi ne alƙaliyar ta ba shi ƙofa, ta jira, bai shiga ba.

Alƙaliyar da mutum biyun nan suka fita suka dawo. Ta ce sun yarda bai yi da mugun nufi ba, kuma ba shi da lauya, don haka ba za su ɗora masa duka ba. Amma rashin karanta takardar kotu ba uzuri ba ne, kuma kwana biyu da rabi da shaidu biyar an kashe su a kan abin da aka gargaɗe shi tun farko. Zai biya fam dubu tara. Ɗari ukun da ya ajiye za a miƙa wa kamfanin, a lissafa a ciki.

A tashar jirgin ƙasa Roland ya ce zai je ya sayo mana shayi. Muka zauna ni da Denise a kan benci. Tana ta buɗe jakarta tana rufewa.

"Na karanta ta fa," ta ce.

Na ce, "Wacce?"

"Ta bayan agogo. Tun makon da ta zo. Ina goge ƙura ta faɗo. Ban gane duka ba, amma na gane inda aka ce da ƙyar ya yi nasara." Ta dubi inda yake tsaye a layi, yana lissafa canji a tafin hannu. "Tun da aka kore shi bai ci abincin kirki ba sai ranar da ya biya kuɗin nan. Ya cinye faranti ya nemi ƙari. Na ce bari in bari sai gobe. Goben ce ba ta zo ba."

Na gaya mata ni ma takardar ta shiga hannuna, shafi ɗaya na duba. Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Ta ce kada in faɗa masa, ita za ta faɗa da kanta. Sai da aka yi shekara ta faɗa. Ta ce ya amsa mata cewa ko ta nuna masa a lokacin ba zai saurara ba, kuma su biyun sun san gaskiya ya faɗa.

Lauyoyin sun ce zai iya biya kaɗan-kaɗan. Ya ƙi, ya biya a zama ɗaya. Ko da aka haɗa da diyyar, abin da ya rage bai kai rabin abin da Mista Dannatt yake nema ba. Roland bai buga waya ba, ya taka da ƙafarsa har gidan tsohon ya gaya masa kada ya ƙara jiransa. Mista Dannatt ya ce zai iya ƙara masa shekara ɗaya. Roland ya ce shekara goma sha huɗu ya yi kafin ya tara na farko, kuma shekararsa sittin da ɗaya. Kafin bazara wani mai gyaran babura ya karɓi wurin.

Tina ta daina zuwa shagon shayi na wani lokaci. Roland da kansa ya je ƙofar gidanta ya ce mata ta daina wauta, shi ya riƙe alƙalamin ba ita ba. Ta ce, "Wa ya ce saboda kai ne? Shayinsu ne ya lalace." Ta dawo a makon.

Yanzu yana aiki a wata babbar masana'anta a bakin gari, inda ake rina kifi ya yi rawaya, inji ya busa masa hayaƙi na awa biyu. Aikinsa ya jera kwalaye a kan bel ɗin inji mai tafiya da kaya. Ba wanda ya san abin da ya iya a can, shi kuma bai faɗa ba. Saura shekara biyar ya kai fansho. Ran Lahadi nakan je mu zauna a farfajiyar gidansa. Wani lokaci ya ba ni labarin mahaifinsa, wani lokaci mu yi ta kallon titi har shayi ya huce. Makon jiya na gaya masa na ga an rushe bututu ɗaya a gidan bandar Mista Dannatt, don a samu wurin ajiye babura. Ya tambaye ni wanne, na hagu ko na dama. Na ce na hagu.

Ya ce, "Na daman ya fi jan iska dama." Ya tashi ya shiga ciki ya ɗora wani ruwan.